Sunan da Na Faɗa a Hartum

Daga Junaina, garin bakin iyakar Sudan, zan fara, domin abin da ya gabaci nan sallama ce, ni kuwa ba na son maganar sallama. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na gaya wa mai rubutun kada ta gyara min magana ko da ta ji ta da ɗaci.

Kaset ne ya fito da ni daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel, ina da shekara hamsin da ɗoriya, mijina yana ƙasa. Ɗana na fari ya yi shekara shida a Sudan yana aikin gona a Gadarif, wai yana tara guzurin Makka. Wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya kawo kaset ɗin. A ciki yana cewa lafiyarsa lau, kada a damu, ya koma Hartum wata unguwa da ake kira Mayo. Kowa a gidan ya ji maganar. Ni numfashin na ji. Tsakanin kalma da kalma yana tsayawa kamar mai hawa tudu da kaya a ka.

Ba zan faɗi sunansa ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba. Ko da zan taho, ce wa mutanen gari na yi Makka za ni.

A Junaina wani mai farin rawani, Hausa a bakinsa kamar zuma, ya karɓi takardunmu mu goma sha ɗaya, wai zai kai a buga musu hatimi. Ya zaunar da mu a inuwar wata bishiya, har da sayo mana shayi. Shayin nan shi ne abin da na samu a madadin takardata. Tun farko na lura ba ya kallon idon mutum, ƙullin zane yake kallo, na kuwa gaya wa wata 'yar Damagaram da ke kusa da ni. Ta ce, "Iya, kin cika zargi." Kwana uku muna gindin bishiyar. A na huɗu ita ce ta fara kuka.

Daga nan ba ni da suna a wurin hukuma. Mulkin soja ake yi a ƙasar, kowane zango da shinge da bindiga. Direban da ya yarda ya ɗauke mu ya ɗora mu a kan buhunan gyaɗa, in an doshi shinge sai a ja tamfol a rufe mu. A wani ƙauye kafin Ubayyid motar ta lalace. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata tsohuwar Balarabiya ta leƙo daga bukka, ta dube ni, ta koma, ta dawo da buta da wani siririn abinci mai tsami da suke kira kisra. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta durƙusa ta zuba min ruwa a ƙafa, a wurin da sai an yi tafiyar rabin yini kafin a ga rijiya. Ban san sunanta ba, amma a addu'ata tana gaba da 'yan uwana da yawa.

A Umdurman, ƙetaren kogi da Hartum, aka sauke mu cikin wata kasuwa da ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Daga hantsi har la'asar ina yawo ban ji kalmar da na sani ba. Hanci ne ya cece ni. Na ji ƙanshin tsire da ƙuliƙuli, na bi shi har na tarar da wani dattijo yana juya nama. Na yi sallama, na gaishe shi da Hausa, ya amsa da irin ta kakanni, wadda Larabci ya cinye rabinta. Sai da na nemi dutse na zauna. Ba kuka na yi ba, hayaƙi ne. Ya ce kakansa ma Makka ya nufa, ga jika nan yana gashi a bakin hanya. Ya naɗe min tsire biyu a takarda, ya sa ni a motar Mayo, ya gaya wa direba inda zai ajiye ni.

Mayo unguwa ce ta waɗanda ƙasa ta tofar, gidajen laka da buhu da kwali, ruwa sai a bayan jaki. Na sami yaron a gidan wata mata Asabe, wadda iyayenta suka ƙare rayuwa a cirar auduga a Jazira, ita kuma take wanki a gidajen unguwar Sahafa. Ba dangin iya ba na baba, ta ba shi rumfa a tsakar gida. Yana kwance a kan gadon igiya. Mutumin da ya bar gida yana saɓa buhun gero shi kaɗai, na tarar da ƙashi da ciki. Cikin ya fito kamar na mai wata bakwai, fatarsa ta yi baƙi ta bushe, gashin kansa ya yi laushi kamar na jinjiri.

Ya daɗe yana kallona.

"Inna, ina za ki haka?"

"Makka," na ce.

"To kin yi ɓatan kai. Gabas take."

"Yi min shiru. Wa ya ce ka bar gemu haka kamar bunsuru?"

Asabe ta kama sunansa ta ce, "Hajja, ke ce uwarsa?" Na ce, "Ɗan gidanmu ne." Ta yi dariya, ta ce uwarta ma haka take yi wa yayanta, ta ɗauka al'adar ta mutu a Jazira tare da tsofaffi. Tun ranar kowa ke ce min Hajja, ni da ko tekun ban gani ba.

Kalazar suke ce wa cutar. Wani ƙwaro ne da bai kai sauro ba yake cizo a gonakin baƙar ƙasa, ya bar wa mutum abin da zai zauna a saifa ya yi ta ci. A Gadarif an yi masa allura talatin, ya tashi, ta dawo. An sake talatin, ta sake dawowa. Sau biyu ina kai shi babban asibiti. A taga magatakarda ya ce takarda. Ba ni da tawa, tasa kuma ta ɓace a gona. A karo na biyu muna kan layi motar sojoji ta tsaya a ƙofa, suna kwashe maza marasa takarda zuwa yaƙin kudu. Na lulluɓe shi da mayafina muka fita ta baya. A nan wani mai farar riga ya tare mu, ya ce yana da allurar, ta ƙasar waje ma. Na kwance 'yan kunnen azurfa na aurena na ba shi. Kwalaben da hatiminsu da rubutunsu, komai tsaf. Maƙwabcin Asabe mai yin allura ya fasa ɗaya ya ɗiga a harshe, ya ce, "Hajja, ruwan gishiri ne. Malesh."

Wato a yi haƙuri. Kalmar nan ita ce abincin baƙo a Hartum, safe da yamma.

Asabe ta ara min murhu da kofunan gilashi shida, na zauna sayar da shayi a gindin wata darbejiya, ƙofar wani gini mai hawa biyu da ke fuskantar asibitin. Masu shayi ba su da kwanciyar hankali a zamanin. 'Yan sanda kan zo ba sanarwa su kwashe murhu da kujeru su jefa a mota, kasha ake kiran abin. Ranar da ta faɗo kaina ban gudu ba, gwiwata ba ta gudu. Na tsaya ina kallo wani da na girmi uwarsa ya watsar min da garwashi da ƙafa. Kofi ɗaya ya rage a hannuna.

Sai wata mata ta sauko daga ginin, cikin masu shan shayina ce, mai sha ba sukari. Diktora Su'ad. Ashe 'yar Umdurman ce, kakarta Bakatsiniya. Hausarta tana ɗingishi, tana dogara sandar Larabci.

"Hajja, kullum ina kallonki daga taga. Kina ɗauraye kofi sau uku, kina ɗaga shi ga rana. Wa ya koya miki?"

"Ƙazantar mutane ce ta koya min."

"Kina son shugul? Aiki. Wankin gilashi ne, amma ba na shayi ba."

Ɗaki biyu ne a hawan sama, ɗakin bincike. Su biyu ke ciki, ita da Usman mai kula da na'urori, magidanci mai 'ya'ya biyar, ɗan masuntan Hausawa na Jabal Auliya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Kwana uku da fara aikina na kama shi ya tsoma yatsa a kwalbar da na wanke. Na sa ya ajiye, na sake wankewa a gabansa. Daga ranar ya sa min suna Mudira, wato shugabar ma'aikata. Ina shigowa zai ce, "Mudira ta iso, kowa ya ɓoye yatsunsa."

Wankin wurin da sabulu ne, sai ruwan famfo, sai ruwan da aka dafa aka tara tururinsa, sau uku. Ba a taɓa ciki da hannu, ba a gogewa da tsumma. In kogi ya cika, ruwan famfo kan zo ja kamar kunun dawa, sai a jira ya kwanta. Na ji daɗin wurin. Tun da na shigo ƙasar, nan ne kaɗai na ga ba a yarda da malesh.

A kwana na goma na ji kalmar a bakinsu. Kalazar. Ashe ƙwayoyin cutar suke kiwo a cikin kwalabe, suna ba su abinci kamar kaji. Usman ya sa na leƙa madubin na'ura. Ga su nan birjik a ɗigo ɗaya, kowace da wutsiya, suna iyo hankalinsu kwance. Na ce a raina, ashe ku ne. Na gan ku.

Diktora tana jiran wani saƙo daga ƙasar waje. Saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar ba a aiko shi kai tsaye, sai wani ya biyo ta Masar ya sako shi a aljihu. Ranar da ya iso ta shigo da ambulan kamar mai ɗauke da jinjiri. Ta zazzage 'yan kwalaben roba huɗu, kowace ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Na ɗaga ɗaya ga taga yadda nake yi wa kofi.

"Diktora, an cuce ki. Babu komai a ciki. Ni ma an yi min irin wannan."

Usman ya yi dariya har da riƙe tebur. "Mudira ta gama bincike, a tashi aiki."

"Akwai, Hajja," in ji Diktora. "Busasshe ne, ido ba ya gani. Kada ki buɗe, numfashi ma zai ɗauke shi."

Ta sa su a na'ura mai juyi domin abin ya taru a gindi, sannan ta ɗiga ruwa ta girgiza. Da ta ga ban daina kallo ba sai ta karɓi carbina.

"Ki ɗauka abin da ke cikin kwalaben nan carbi ne mai ƙwaya ashirin, launi huɗu, an jera su a wani tsari. Cutar nan tana da saƙon da take aikawa a cikin jikinta, shi ma jere ne. In namu ya dace da nata ƙwaya da ƙwaya, sai ya manne masa, saƙon ba zai isa ba."

"To ki ba ta mana."

"Tukuna. Inji ne ke jera carbin, ɗaya bayan ɗaya. Wani zaren yakan tsallake ƙwaya, ya fito sha tara, sha takwas. Wani kuma da dattin ƙira a jikinsa. In na zuba haka cutar ta mutu, ban san me ya kashe ta ba, carbin ko dattin. Sai na tankaɗe."

Wannan na gane. Shekara talatin na yi ina sayar da gari, na san mai tankaɗen gaskiya, na san mai yi don ido.

"In ya fita tsaf fa?"

"Sai in gwada a kan na cikin kwalba. Bayan nan ɓeraye. Mutum kuwa da sauran tafiya, shekaru ne, Hajja. Wataƙila ma ba a zamanina ba."

Na ji ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta faɗa, da Hausa kuma. Amma ni mace ce da ta zauna kasuwa, na san abin da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur ba na kowa ba ne. Na ce a raina, allurar da ake yi wa talaka talatin-talatin daga babbar kwalba ita ce dusa. Wannan da ake sa wa safar hannu, ake hana shi ko numfashi, shi ne garin. Ranar da ɗan wani babban soja zai kamu, shekarun nan za su koma kwana biyu. Sai na ƙudura zan zauna kusa da shi, in yi haƙuri, in sa ido. Duk wayon da ya cece ni a hanya, a nan ya kai ni rami.

Sau ɗaya ƙofa ta buɗe min. Tana rubutu, ina jera kwalabe, na ce, "Diktora, in mutum ya sha allura talatin sau biyu cutar ta dawo fa?"

Ta ajiye alƙalami ta juyo gaba ɗaya. "Wane ne? Naki ne, Hajja?"

Usman yana tsaye yana saurare. Na ce, "A'a. A unguwa na ji ana faɗa."

Bakina ne ya faɗa tun zuciyata ba ta miƙe tsaye ba. Shekara talatin da biyu yana faɗin haka, ya saba. Ta ce, "To ki ce musu kada su zauna, su zo asibiti," ta koma kan rubutunta. Na ce gobe zan gyara maganar. Gobe ta yi, kunyar ta zama biyu, ta ɗan fari da ta ƙaryar jiya. Jibi ta fi gobe wuya.

Tankaɗen ya ci makonni. Rariyarta ba ta waya ba ce. Wani abu ne kamar daskararren kamu tsakanin gilashi biyu, sai ta ɗiga kaɗan a sama ta haɗa da lantarki, gajerun zare su riga dogaye gangarowa. Sau uku wuta tana ɗaukewa a tsakiya aikin ya lalace. Sau ɗaya garin da ake haɗa rariyar da shi ya ƙare, sai da aka roƙo a wani wuri. Ni kuma ina wanki ina ƙirga kwanaki a raina. A gida jini ya fara zubo masa ta hanci. In na dawo da yamma zai ce, "Inna, yau me 'yan kiwonku suka ci?" In ce, "Sun fi ka cin abinci dai." Ya roƙe ni kunun tsamiya irin na gida. Na dama da geron nan nasu, ya kurɓa sau biyu ya ce ya yi, amma ba ruwan rijiyarmu ba ne. Daga nan muka yi ta lissafa rijiyoyin garinmu da sunayen masu su, har barci ya ɗauke shi kafin magariba.

Ranar da aikin ya yiwu ta kira mu wani lungu mai duhu ta kunna fitila a kan rariyar.

"Abin da nake nema layi ɗaya ne tak. Ku duba."

Ga layi a sama, ƙarƙashinsa wani, da wani, da wani, kamar tsani.

"Gajerun sun yi yawa. Wanda ya sayo mana bai ce a tace ba."

Usman ya ce, "Ki yi aiki da shi haka mana, ya Diktora. Wa zai sani? 'Yan kwalba ba sa kai ƙara."

"Ni zan sani."

Ta ja jan alƙalami a kan kwalaben huɗu, ta sa su a akwati cikin firiza. Za ta mayar a musanya mata in an samu mai tafiya. Na ce wata nawa kafin wani ya zo. Ta ce huɗu, ko shida, Allah ne masani.

Na yi jinyar mutane da yawa a ƙauye, na san yadda kunne da hanci suke komawa in lokaci ya matso. Yaron ba shi da wata huɗu.

Ranar wata Alhamis da azahar wuta ta ɗauke. Diktora tana wurin taro, Usman ya fita neman ƙanƙara, aka bar ni da akwatin. Na tsaya a kansa. Mai tankaɗe ba ta zubar da tsaki, ana dama kunu da shi. In gajeru sun yi yawa, ai cikakkun ma suna ciki, na ga layinsu da idona. Kuma na ga yadda ta ɗiga ruwa ta girgiza abin da ido ba ya gani, ban ga bambancinsa da malam in ya wanke allo ba. Na juye huɗun a wata kwalba mai tsabta, na ɗauraye kowace sau uku na haɗa. Sannan na mayar musu da ruwan tururi daidai inda nasu ya tsaya, na rufe, na ajiye. Kafin ranar ko allurar ɗinki ta wani ban taɓa ɗauka ba.

A gida na zuba a ƙoƙo, na ƙara ruwa, na yi bisimilla, na tallafo kansa.

"Rubutun wane malami ne wannan? Ba ɗanɗanon tawada."

"Na Turawa ne. Shanye."

"Har su ma sun fara?"

Kwana shida ina auna cikinsa da tafin hannu safe da yamma, kamar wadda ta yi shuka a kan dutse.

A na bakwai aka samu mai tafiya Masar. Kafin ta ba da kwalaben, Diktora ta ce za ta auna ƙarfinsu ta rubuta. Akwai wata na'ura da ke ratsa ruwa da haske ta faɗi yawan abin da ke ciki. Ta sa na farko, ta daɗe tana kallo. Ta sa na biyu. Ta kashe na'urar ta kunna, ta gwada da wani abu da ta san ƙarfinsa, ya fito daidai. Ta juya kan Usman da Larabci mai sauri. Ya rantse bai taɓa akwatin ba, wasan duk ya bar fuskarsa. Sai ta koma Hausa, a hankali.

"Ko zafi ne ya kashe shi, haske zai ga gawarsa. Wannan ruwa ne zalla. Wanda ya yi wannan sau uku ya ɗauraye."

Ba ta dube ni ba. Na cire safar hannu na ajiye.

"Usman bai taɓa ba. Ni ce."

"Kin sayar?"

"Ban sayar ba. Na ba wani ya sha."

"Ya sha." Ta jawo kujera ta zauna. "Wa?"

"Ɗan gidanmu."

"Hajja. Wa?"

Na dubi ƙasa na ce, "Ni na haife shi. Na fari."

Usman ya fita ya ja ƙofa.

"Tun yaushe yake kwance?"

"Tun kafin in zo ƙasar."

"Wata biyar kina tsaye a bayana. Na tambaye ki da bakina." Ta rufe fuska da hannu, ta buɗe. "Abin da kika ba shi ba zai yi masa komai ba, ba alheri ba sharri. Ko mai layi ɗayan ne ba zai yi ba, na gaya miki. Amma akwai allura ta biyu, ta waɗanda ta farko ta ƙi. Tana can ƙetaren titi, a hannun wanda muka yi karatu tare. Takarda ɗaya ce daga hannuna, Hajja. Tun ranar da kika fara aiki."

Ƙetaren titi. Daga tagar da nake kife kwalabe su bushe ana hango ginin.

Ta ɗauki motarta muka nufi Mayo, Usman a baya. Mun wuce Sahafa kafin ta yi magana. Ta ce, "Habobata, kakata, ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Har ta rasu na ɗauka ba ta sonsa."

Na ce, "Shi ta fi so."



Asabe tana wurin wanki. Usman ya sungumo shi kamar kara ya sa a mota. A asibiti muka kwantar da shi a kan benci. Magatakardan taga shi ne dai na da, amma da ya ga Diktora bai ce takarda ba. Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Sunan marar lafiya." Diktora ta dube ni, ba ta sani ba. Usman bai sani ba. Shi kuma mai sunan ba shi da muryar da za ta kai taga.

Na faɗa. Magatakarda ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Hayaniya ta yi yawa, ya kara hannu a kunne. Sai na ɗaga murya na kira sunan ɗana da na ubansa, har mutanen layi suka waiwayo.

Na koma wurin bencin, idonsa a buɗe. Ya yi min alama da yatsa, na sunkuya.

"Inna, ashe kin san shi."

"Rufe min baki."

"Sake faɗa in ji."

Ban sake ba. Mutane suna kallo. Na gyara masa mayafi na ce ya ajiye numfashinsa.

An ba shi gado a ranar, an ɗaura masa allurar a ranar. Kwana biyar ya yi, mafi yawansu bai san wanda ke kansa ba. A na biyar da hantsi ya cika. Likitan ya ce da an kawo shi ko wata biyu da suka wuce, da akwai magana. Bai ce malesh ba, na kuwa gode masa da wannan. A maƙabartar Sahafa aka kai shi. Usman yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya dawo ya kwatanta min wurin, kusa da katanga, ta gefen gabas.

Diktora ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar kwalaben ba. Ban koma gida ba. Sun san Makka na tafi, me zan ce musu na je yi?

Bayan wata shida sabon saƙo ya zo a aljihun wani. Ta juya, ta ɗiga, ta auna da haske, ta tankaɗe. Ta kira ni lungun nan mai duhu ta kunna fitila. Layi ɗaya ne tak, ba tsani, ba inuwa a ƙarƙashinsa. Ta ce, "Kin gani, Hajja?" Na ce na gani, an tankaɗe. Ta ce gobe za ta ba na cikin kwalba. Na koma bakin famfo, akwai wanki.

Mai rubuta min wannan ta ɗaga alƙalami tana jira, wai ko a ƙarshe in faɗi sunan ta sa. Na ce ta bar gurbin. Wanda ya roƙa da bakinsa ban ba shi ba, ba zan ba takarda ba.